Gyaɗar Nan Mai Ɗaci

Wanda ya taɓa zama kusa da uwargida sa'ad da take tsince gyaɗa ya san yadda aikin yake. Faifai a cinya, kwano biyu a gefe. Jajaye cikakku masu kyau su ne na kasuwa, gama mai saye yakan duba kaya kafin ya biya. Tsumburarru da fasassu, da waɗanda suka yi baƙi-baƙi ko kore-kore, su kuwa sai ɗaya kwanon. Wannan kwano na biyu ba a zubar da shi. A gidaje da yawa daga Funtua har Malumfashi shi ake soyawa a kai inji, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar, ko kuwa a dama wa yara kunun gyaɗa. Abin da ya ragu a watsa wa kaji. Wa zai ga laifin uwargida? Tattali take yi, ba ta so wahalar damina ta tafi a banza.

To, ya mai karatu, labarin nan na kwano na biyu ne. Shekara sittin da wani abu ke nan masana suna binciken abin da ke cikinsa, wani sashi na binciken kuwa a nan kusa da mu aka yi shi, a Samaru ta Zariya.

Baƙuwa da mai masauki

Kowa ya san funfuna. In tuwo ya kwana biyu a rufe da damina, za ka ga wani abu kamar auduga ya lulluɓe shi. Mutane da yawa suna tsammani datti ne kawai, ko kuwa sanyin ɗaki. Ashe abu ne mai rai. Tana ci, tana girma, tana haihuwa. In an sa ta a madubin likita za a ga zare-zare ne sirara, suna kutsawa cikin abincin suna tsotsa. In ta ƙoshi sai ta fid da iri mai kama da ƙura, dubbai a kan dubbai, iska ta kwashe.

Danginta suna da yawa, waɗansu ma mun daɗe da saninsu ba mu san 'yan gida ɗaya ne ba. Burtuntunar da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari danginta ce. Makeron da ke cin kan yaro, da kyasfin da ke fitowa a wuya da ƙirji, su ma haka. Ba dukansu ne mugaye ba. Yistin da ke kumbura burodi daga cikinsu yake, maganin nan penisilin kuwa daga wata funfuna aka samo shi, wadda wani likita a Ingila ya lura da ita a 1928.

Funfuna ba ta iya yi wa kanta abinci kamar yadda ganye yake yi da hasken rana. Tilas ta sauka a kan wani, ta ci nasa. Saboda haka masana sukan kira shukar ko dabbar da ta sauka a kanta mai masauki. Babbar tambayar da suke bi ita ce: ta wace ƙofa baƙuwar nan take shiga, yaya mai masaukin yake kāre kansa, kuma a wace rana ƙarfinsa yake kāsawa?

Wadda ta dame mu a nan sunanta a bakin masana Asfajilus. Launinta kore ne mai ratsin rawaya. A cikin ƙasar gona take zaune, tana cin ruɓaɓɓen kara da ganye, tana son zafi ƙwarai. Burtuntuna dai tana nuna kanta, manomi ya gani ya cire zangarniyar. Wannan kuwa takan bar dafi a cikin ƙwaya, dafin da ba shi da wari, ido kuma ba ya ganinsa.

Daga talotalon Ingila zuwa Samaru

A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila cikin 'yan watanni. Ba wanda ya san dalili, har aka sa wa cutar suna da harafin X, wato abin da ba a sani ba. Da aka fede su sai aka ga hantarsu ta lalace. Aka bi sawu, aka tarar dukansu sun ci abinci mai haɗe da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Burazil. A cikin tunkuzar aka sami funfunar nan, aka kuma tsamo dafin da take yi, aka raɗa masa suna afulatoksin. Mu dai bari mu ce masa dafin funfuna.

Labarin ya tā da hankali a Arewa, gama a lokacin nan Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Tsofaffinmu suna tune da dalar gyaɗa a Kano, da buhunan da ake lodawa a jirgin ƙasa a tashar Funtua. In Turawa suka ƙi saye, ina za a kai ta? Sai masu binciken aikin gona na Samaru suka shiga aiki. Biyu daga cikinsu, McDonald da Harkness, sun yi gwaje-gwaje a gonakin Mokwa da Kano, suka buga abin da suka gano tsakanin 1963 da 1967.

Abin da suka gano mai sauƙin fahimta ne. Gyaɗar da aka cire a kan kari, ɓawonta lafiya lau, galibi ba dafi a cikinta. Wadda gara ta huda, ko fartanya ta sare, ko aka bari a ƙasa bayan ta nuna har ganyen ya bushe, ita ce dafi yake yawa a ciki. Haka kuma wadda aka tara tsibi da danshinta, ta yi kwanaki ba ta bushe ba. Watau ɓawon gyaɗa ganuwa ne, funfuna kuwa tana jiran inda ganuwar ta tsage.

Daga baya, wajen 1980 zuwa gaba, masana a jihar Jojiya ta Amurka suka ƙara haske. Sun shuka gyaɗa a fili mai rufin da ake ja, domin su hana ruwan sama sa'ad da suka ga dama, suka kuma sa wayoyi a ƙasa masu ƙara zafi ko rage shi. Sai suka ga zafi kaɗai bai isa ya kawo dafi ba, fari kaɗai ma bai isa ba. Amma in ruwa ya ɗauke kamar wata guda kafin cira, ƙasar da 'ya'yan ke kwance a ciki kuma ta yi zafi kusan digiri 30, sai dafi ya bayyana har a cikin gyaɗar da ɓawonta bai fashe ba.

Dalilin abin mamaki ne. Ƙwayar gyaɗa mai rai, muddin tana da ruwa a jikinta, tana iya yin nata magani. Da funfuna ta taɓa ta sai ta fid da waɗansu sinadarai masu hana zaren funfunar girma. In ƙishirwa ta kama ta, sai ƙarfin yin maganin ya ƙare, alhali kuwa sauran ɗan danshin da ya ragu ya ishi funfuna. Akwai wani tsakani ke nan, inda ƙwaya ta bushe har ba ta iya faɗa, amma ba ta bushe yadda funfuna za ta kāsa ci ba. A wannan tsakani ake yin ɓarnar, ko a cikin ƙasa ne, ko a bakin gona, ko a rumbu. Manomin da ya ga ruwa ya ɗauke da wuri a watan Satumba ya kamata ya san gyaɗarsa ta bana tana bukatar tsinta fiye da ta bara.

Me funfunar take samu da yin dafin? Masana suna da ra'ayi biyu. Waɗansu sun ce makami ne na korar ƙwarin da ke takarar abinci da ita. Waɗansu kuwa sun ce hanya ce ta rage wa kanta wahala sa'ad da zafi da fari suka matsa mata. Ko wanne ne, ba domin mu take yinsa ba. Mu dai mun zo mun ci abin da ta riga ta ci.

Masara ta shigo

Gyaɗa ta ja baya a Arewa bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gonakinta a 1975. A wannan shekara ta 1975 kuwa aka fara babban aikin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, aka kawo takin zamani da sabon iri da hanyoyin karkara. Kafin lokacin masara abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya da damina. Bayan 'yan shekaru sai ta zama abincin gida da abin sayarwa. Wanda ya je kasuwar Dandume da kaka ya ga motocin da ke lodi ba ya bukatar a faɗa masa.

Sai dai funfunar nan tana son masara kamar yadda take son gyaɗa, ta kuma fi samun dama a kanta fiye da dawa da gero. Ƙofarta ta fari gemun masara ne. Sa'ad da gemun ya fara bushewa, ƙurar irin funfuna takan sauka a kansa, ta bi shi har cikin goyon. Ƙofa ta biyu ramin tsutsa. Duk inda tsutsa ta ci ta bar rauni, nan funfuna take samun shiga, tsutsar ma takan ɗauko irin a jikinta. Tun 2016 da sabuwar tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Nijeriya, ƙofofin sun ƙaru. Ta uku kuwa hannunmu ne: a karya masara ana cikin ruwa, a zube ta a ƙasa tsirara, a sussuke ta da sanda har ƙwayoyin su farfashe, a ɗura a buhu da sauran danshi domin ana sauri a kai kasuwa.

Abin da yake yi a jikin mutum

Da fari dai a san wannan: wuta ba ta kashe dafin funfuna. Suya da dahuwa suna kashe funfunar kanta, dafin kuwa yana nan. In an matse gyaɗa, mafi yawansa a tunkuza yake zama, watau a ƙuli-ƙuli da yajin tsire da abincin dabbobi. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci takan fid da wani sashi a nononta. Haka ma uwa mai shayarwa.

In mutum ya ci da yawa a lokaci ɗaya, hanta takan kāsa nan da nan. A 1974 a yammacin Indiya mutum fiye da 100 suka mutu bayan sun ci masarar da ruwa ya jiƙa. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu. Masarar gonarsu ce, wadda fari ya wahalshe ta, ruwa kuma ya sauko a lokacin girbi aka adana ta da danshi. Idanu su yi rawaya kamar na mai shawara, amai, ƙafafu da ciki su kumbura.

Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru. Hanta ita ce matatar jiki, duk abin da aka ci sai ya bi ta wurinta. In dafi ya zo takan yi ƙoƙari ta sāke shi domin ya fita da fitsari. Abin tausayi, cikin wannan ƙoƙari wani sashi na dafin yakan juya ya fi dā kaifi, ya manne wa rubutun gādo da ke cikin ƙwayoyin hantar, wato umarnin da kowace ƙwaya take bi wajen girma. A 1991 masana suka duba masu sankarar hanta a ƙasar Sin da kudancin Afirka, inda ake cin dafin nan da yawa, suka tarar a da yawa daga cikinsu wuri ɗaya tak ne ya ɓaci a rubutun. Wurin kuwa shi ne mai tsaron da ke hana ƙwaya hayayyafa ba kan gado. Tun 1987 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Faransa ta sa dafin funfuna cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, da yawa suna ɗauke da shi tun suna jarirai ba su sani ba. Hantar da wannan ciwo ya riga ya raunana, in dafin funfuna ya same ta, hatsarin sankara yakan ninka har kusan sau 30 bisa na wanda dafin kaɗai ya ci. Labarin gyaɗar ne ya sāke dawowa: mai masaukin da ya raunana shi baƙuwar take kayarwa.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne na yara. A 2002 aka buga wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Benin da Togo, maƙwabtanmu masu cin masara da gyaɗa kamar mu. An auna jinin yara 480, daga 'yan wata 9 zuwa shekara 5. An sami alamar dafin a jinin 99 cikin 100. Yaran da aka yaye sun fi masu shan nono yawan dafi, waɗanda kuma suka tsumbure ba su kai tsawon sa'o'insu ba sun fi sauran. Tsumburewar yaro tana da dalilai da yawa, da ƙarancin abinci da gudawa da zazzaɓi, ba a ɗora wa funfuna duka. Duk da haka uwa ta tuna, ranar da ta fara ba jariri koko da kunun gyaɗa, daga wane kwano ta ɗebo?

Funfuna ta kori funfuna

Ga wani abin da masana suka lura da shi. Cikin funfunar nan iri ɗaya, ba kowace ce ke yin dafi ba. Waɗansu an haife su ba su da wannan iko sam, ko da yake kamanninsu ɗaya ne da masu dafin, abincinsu ma ɗaya. Wani masani a Amurka, Peter Cotty, ya yi tunani ya ce, in marasa dafi suka riga isa gona suka cika wurin, masu dafi ba za su sami masauki ba. Ya gwada a gonakin auduga na Arizona, abin ya yi.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, ta ɗauki dabarar tare da shi, a ƙarƙashin Dokta Ranajit Bandyopadhyay. Ba su kawo funfuna daga waje ba. Sun tattara ta daga gonakin Nijeriya, suka tace dubbai, suka zaɓi iri huɗu marasa dafi. Ana shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa domin kada ta tsiro, a rina ta shuɗi domin kada a ɗauka ta ci ce. Sunan abin Aflasafe, hukumar NAFDAC kuwa ta yi masa cikakkiyar rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, watau kilo 4 a eka, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, a kan ƙasa mai danshi. Funfunar kirki ta ci dawar, ta fid da irinta, ta mamaye gonar. A gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma dafi ya ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye, kāriyar kuma takan bi amfanin har cikin rumbu.

Ni a ganina matsalar Aflasafe ba ta kimiyya ba ce, ta kasuwa ce. Ba ya ƙara yawan buhu. Manomi ya kashe kuɗi, ya kai masara kasuwa, mai awo ya biya shi daidai da wanda bai sa kome ba, gama tiya ba ta auna dafi. Masu haɗa abincin kaji da masu fitar da kaya waje su ne suka fi kula, domin ƙasashen Turai ba sa karɓar gyaɗar ci in dafinta ya wuce kashi 4 cikin biliyan. Amma maigidan da zai ci rabin abin da ya noma shi da iyalinsa yana da nasa dalili da ya fi na kasuwa. Ya tambayi malamin gona na yankinsa inda ake samu.

Abin da ba ya cin kuɗi da yawa

Kada wanda bai sami Aflasafe ba ya ce shi ke nan. A ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20 masu noman gyaɗa, aka buga sakamakon a 2005. A rabin ƙauyukan aka koya wa mutane su tsince gyaɗa da hannu, su shanya ta a tabarma maimakon ƙasa, su tabbata ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara mai shan iska, su ɗora buhunan a kan katako, su sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar aka auna jini. Dafin da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka bai kai rabin na sauran ba.

Kusan duk wannan kakanninmu sun san shi. Rumbun da aka ɗora a kan duwatsu, iska tana bi ta ƙarƙashinsa, ba don ado aka yi shi haka ba. Gyaɗa ta bushe in ka girgiza ta ka ji tana kaɗawa cikin ɓawo, masara kuwa in ka ciza ta fashe ƙas. Gara a ajiye gyaɗa da ɓawonta a riƙa ɓarewa kaɗan-kaɗan, kada kuma a yayyafa mata ruwa domin ta yi saukin ɓarewa ko ta ƙara nauyi. Buhun nan mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari, amma sai hatsin ya bushe tukuna a ɗaure shi. Surfe da wanki suna rage dafin masara sosai, ƙwayoyin da suka taso kan ruwa kuwa a kwashe a zubar. Jariri kuma a kai shi a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta a ranar da aka haife shi. Tun 2004 tana cikin alluran yara na gwamnati.

Saura kwano na biyu. Dafin ba ya bazuwa daidai cikin buhu, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawansa, su ne kuwa waɗanda hannun uwargida ya riga ya ware. Ta yi aikin da injin Turawa yake yi, saura kawai inda za ta kai su. Kada a ba yara, kada a kai inji, kada a sayar wa mai ƙuli-ƙuli da araha. Kaji ma ba su tsira ba, gama yana rage musu ƙwai ya hana 'yan tsaki girma, agwagi kuwa sun fi kowa saurin mutuwa da shi. A haƙa rami a bayan gida a binne su, ko a jefa su a murhu.